Sun Ɗauki Yaronka

Birnin Gwari,
9 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga taubashina Benjamin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Gloria da yara. Yaya ƙafar Gwaggo? Ka ce mata ɗan yayanta yana gaishe ta, kuma ta rage gishiri. Mu nan lafiya lau, sai zaman da ka sani. Uwargida Furera tana gaishe ku.

Rabona da rubuta wasiƙa tun muna samari, to ga shi an katse mana sabis an mayar da mu baya. Wayata yanzu ba ta da aiki sai haska mini ramin allura a shago. Abarshi direba ne zai kawo maka wannan, idan ayarin motoci ya samu rakiyar jami'an tsaro gobe.

Ba takarda kaɗai zai kawo maka ba, na haɗo shi da mutum biyu. Na farko ɗanka Bilyaminu. Na ce ɗanka don kai ka raɗa masa Bilya, kuma taurin kansa irin naku ne, ba namu ba. Na biyu yarona ne na shago, Hamza, ɗan Malam Jumare mai ruga a gefen dajin Kamuku. Ɗinki yake koya a wurina, da yamma kuma mu tafi filin firamare tare da sauran samarin da nake horarwa. Mun ji a rediyo cewa ƙungiyar ƙwallo ta Damisa za ta gwada sababbin 'yan wasa ranar Laraba, kowa ya zo. To ga su nan.

Bilya lamba tara ne, kuma ba don ni na haife shi ba, daga nan har Damari babu mai tsayawa gabansa. Hamza rakiya ya yi, amma tun da zai je sai ya gwada shi ma. Baya yake tsarewa, ba laifi.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ke cina. Tun muna yara muke bin ƙungiyar nan, kai kana kare ta, ni ina faɗin gaskiya. Damisa ba ta iya zaɓen mutum ba. Bara suka sayo wani dogo daga kudu, aka yi ta buga ganga, ya gama kaka bai ci ko na kuskure ba. Kafin shi suka ɗauko gola mai rufe ido idan an ɗago ƙwallo. Duk shekara a rukuni na biyu muke kwana, kai kuma ka ce mini ana gini ne. Ginin me? Masu zaɓen nan ba su taɓa wuce Buruku ba, sun ce hanya ba kyau. To yau na kai musu kaya har gida. Idan suka ga Bilya suka bar shi, kada ka ƙara buɗe mini baki a kan ƙwallo.

Ka kai su filin da kanka. Ka tabbata sun karya da safe, Bilya idan hankalinsa ya tashi ba ya cin abinci. Hamza ba ya magana da yawa, kada ku ɗauka fushi ne.

Naka,
Mainasara

*

Tashar Mando, Kaduna,
15 ga Oktoba

Mainasara,

Gaisuwa. Duk muna lafiya, Mama ta samu sauƙi. A tsaye nake rubutu a kan bonet, Abarshi ya riga ya tayar da mota.

Sun ɗauki yaronka. Jiya ya sa hannu, yau ya shiga sansaninsu. Ɗayan yana wurina, ransa ba daɗi, zan riƙe shi kwana biyu in lallashe shi. Cikakken bayani zai zo da mota ta gaba. Ka tanadi abin da za ka ce game da Damisa.

Benjamin

*

Birnin Gwari,
18 ga Oktoba

Taubashi,

Ina gaisuwa, ina kuma gode wa Allah da sauƙin Gwaggo. Mu nan lafiya, lafiya ƙwarai.

Takardarka ta same ni ina yanka yadin wani. Na karanta, na sake karantawa, sai da na ɓata wa mutumin hannun riga. Na tambayi Abarshi ko ya ga yaran, ya ce shi bai gan su ba, kai kaɗai ka zo tasha. Ban ma jira na rufe shago ba, na nufi gida. Furera ta zauna a bakin murhu tana kuka tana dariya. Washegari ta soya waina aka raba wa unguwa sadaka, har layin 'yan katako sai da ta kai.

A teburin mai shayi kuwa ba a magana sai ta Bilya. Waɗanda suke cewa ina ɓata wa yara lokaci a fili, su ne yanzu suke ja mini benci. Samarin fili sun rubuta sunansa da gawayi a bangon firamare, hedimasta bai hana ba. Ka san garin nan ya daɗe bai ji labari mai daɗi ba. Kasuwa a rufe, babura an hana, masara tana gona mutum yana tsoron zuwa ya girbe. Sai ga shi an ce ɗan Birnin Gwari zai sa rigar Damisa.

To ga abin da ka ce in tanada. Na janye maganata, amma rabi. Wannan karon sun buɗe ido. Watakila sabon kocin nan ya san abin da yake yi. Ka gaya masa kada ya sa Bilya a gefe, tsakiyar gaba ne wurinsa, a ba shi ƙwallo a ƙafa kawai.

Jiya na taka har ruga na sami Malam Jumare don in ba shi haƙuri. Na ce masa Hamza yaro ne, baɗi ma rana ce, kuma ga ɗinki a hannunsa. Mutumin kirki, ya yi mini murna kamar nasa aka ɗauka. Ya ce shi dama bai san kan wasan nan ba, abin da yake so yaron ya dawo lafiya. Ya sa aka ba ni nono a ƙwarya in kai wa Furera. Don haka kada ka riƙe Hamza da yawa, ka sa shi a mota, aiki ya taru a shago.

An ce an tare hanya jiya wajen daji, motoci ba za su tashi ba sai an ga hali. Ban san ranar da wannan za ta same ka ba. Ka ce wa Bilya ya riƙe salla, ya bi na gaba da shi, kada ya biye wa 'yan birni.

Naka cikin farin ciki,
Mainasara

*

Kakuri, Kaduna,
2 ga Nuwamba

Ɗan'uwana Mainasara,

Ina gaishe ka da Furera. Mu lafiyar jiki muna da ita. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Hamza suka ɗauka, ba Bilya ba.

A wasiƙarka ta farko ka kira Bilya ɗana, ka kira Hamza yaronka. Da kalmarka na yi amfani a tasha, ina sauri, ban kawo a raina za ka karanta ta wata fuska ba. A ranar na rubuta maka cikakken bayani, amma Abarshi ya maƙale a wurinku, sauran direbobin kuma babu wanda ya tashi. Takardar tana aljihuna har taka ta iso.

Ga yadda aka yi. Samari sun cika filin, daga Zariya, daga Kafanchan, har daga Jos. Ranar farko Bilya ya ci biyu, ni kaina na tashi tsaye. Rana ta biyu aka tace, aka raba su gida biyu, sai Hamza ya faɗo a ɗaya ɓangaren, koci ya ce shi zai riƙe Bilya. Mainasara, ɗanmu bai taɓa ƙwallon kirki ba har aka tashi. Duk inda zai juya, Hamza ya riga shi isa. Ba duka, ba jan riga. Da aka hura tashi koci ya kira Hamza gefe. Shi kuma Bilya, kocin ya dafa shi ya ce yana da gudu, ya koyi ɗaga kai, ya dawo baɗi.

Hamza bai yi murna ba. A mota ya ce wa Bilya ya yafe masa, Bilya ya ce babu komai.

Na riƙe shi a nan, ya fara sakewa, har yana taya Gloria ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Shekaranjiya muka ji motocinku sun iso, na aike shi tasha ya karɓo saƙo. Da Abarshi ya hango shi sai ya ɗaga hannunsa sama a gaban mutane yana cewa ga ɗan Damisa, garinsu an ci waina saboda shi, an rubuta sunansa a bango. Fasinjojin garinku suka kewaye shi suna sa albarka. Bai ƙaryata su ba. Ya kawo mini takardarka a rufe, ya shiga ɗaki.

Jiya da safe, ina makaranta wurin aiki, ya ɗauki jakarsa ya ce wa Gloria gida zai tafi. Ta ce ya jira ni, ya ce mota za ta cika. Na bi shi tasha ban same shi ba, wani kamasho ya ce ya ga mai kamarsa ya hau motar kaya mai zuwa wajenku. Ina sa ran kafin wannan ta same ka yana gabanka. Don Allah kada ka yi masa faɗa, kada kuma ka bari 'yan shayi su sa shi a gaba.

Ka koma wurin Malam Jumare ka gaya masa gaskiya. Ɗansa yana lafiya, suna ba shi abinci da wurin kwana.

Ka aiko mini da amsa da duk motar da ta fara tashi.

Benjamin

*

Birnin Gwari,
8 ga Nuwamba

Benjamin,

Gaisuwa. Ka gaida Gwaggo. Furera ba lafiya, ba ta iya cin komai.

Bilya bai zo ba.

Motar kayan da ka ce ta iso tun ranar Laraba. Na sami direban, ya ce wani saurayi mai jaka ya sauka a hanya kafin a shigo gari, bai tambaye shi dalili ba. Na je gidan abokansa ɗaya bayan ɗaya. Na aika Damari wurin dangin Furera. Na je asibiti, na je wurin 'yan sanda. Kullum ina bakin tasha, duk motar da ta tsaya sai na leƙa. Ka san dajin da ke tsakaninmu, ka san abin da ake yi wa mutane a cikinsa. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida sai in yi tsammanin saƙon 'yan bindiga masu daji ne.

Kai malamin makaranta ne. Kalma ɗaya ta gagare ka? Ka rubuta Hamza, harafi nawa ne? Na sa matata ta soya waina, na je na ba uban wanda ya ci haƙuri, na zama abin nuni a gari. Wannan duk mai sauƙi ne. Amma ka bar yaro ya fita daga gidanka da irin wannan zuciya.

Ita kuma Damisarka, na mayar da rabin maganar da na janye, na ƙara da wata. Wace irin ƙungiya ce za ta ga mai cin ƙwallo ta bar shi ta ɗauki mai hanawa? Kai da bakinka ka ce ya ci biyu. Da hanawa ake hawa rukuni na ɗaya? Kuma wane irin gwaji ne a haɗa mutum da wanda ya san shi ciki da waje? Da wani baƙo aka sa ya riƙe shi, da yanzu wani zance ake. Wannan ba zaɓe ba ne, caca ce. Haka suka saba, shi ya sa muke inda muke.

A teburin shayi an rabu biyu. Wasu sun ce kocin ya ci wani abu. Na ce su yi mini shiru, me Malam Jumare yake da shi da zai bayar? Wasu kuma sun fara wata magana da ba na so, wai an bar ɗan gari an ɗauki ɗan ruga, wai alhali 'yan rugar ne suka hana mu noma. Hamza a shagona ya girma, ban taɓa ganin ya ɗauki ko maɓalli ba. Amma ba ni da ƙarfin musu yanzu. Na daina zuwa.

Ban koma ruga ba tukuna. Da wace fuska?

Ka je ka tambayi Hamza. Tare suke kwana tare suke tashi, idan akwai wanda ya san inda zai nufa, shi ne.

Mainasara

*

Kakuri, Kaduna,
13 ga Nuwamba

Mainasara,

Ina gaishe ka, ina yi wa Furera sannu. Mama ta sa an yi addu'a a cocinsu, ta ce ku ma ku dage da taku. Faɗan da ka yi mini na karɓa, ba zan mayar ba.

Na je sansanin na sami Hamza. Bai san Bilya ya ɓata ba. Da na gaya masa sai ya zauna a ƙasa. Ya ce tun a hanyar zuwa Bilya ya faɗa masa cewa idan ba a ɗauke shi ba, ba zai shiga gari hannu biyu ba. Akwai wani abokinsu Bakoji da ke haƙar zinare a wasu ramuka can bayan Gayam, ya daɗe yana kiransa. Hamza ya ce can za a duba. Ya ce kuma kada ka tafi kai kaɗai, babansa ya san hanyar, ya san inda ake bi da inda ba a bi.

Ya tashi zai haɗa kayansa ya biyo Abarshi. Da ƙyar na hana shi. Na ce idan ya bar sansani yanzu an sallame shi ke nan, mu yi asarar biyu. Ya ce mini, “Baba, da na sani da na bar shi ya wuce ni ko sau ɗaya.” Na ce da ya yi haka, da kai ne za ka fara marinsa.

Game da Damisa, ba don in ci musu nake faɗa ba, sai don kada ka gaya wa Bilya an zalunce shi, ya ɗauki wannan ya riƙe har tsufa. Masu buga gaba sun yi mana yawa, har benci ba ya ɗaukarsu. Bara ba rashin ci ne ya kashe mu ba, mu ci biyu a zura mana uku. Baya ce a buɗe. Wannan karon sun san abin da suka fita nema. Kuma ka tambayi kanka a ina Hamza ya koyi tare mai gudu. Shekara da shekaru kana sa shi gaban Bilya kowace yamma. Wanda ya iya riƙe Bilya, sauran ba za su ba shi wuya ba. Na ga atisayensu ranar Alhamis, manyan ma sun fara kauce wa ɓangarensa.

Irin maganar teburinku akwai ta a nan. A wurin mai jarida wani ya ce Damisa ta rasa wanda za ta ɗauko sai ɗan daji, a riƙa ƙirga takalma a sansani. Ka san ni ba na faɗa, amma ranar sai da aka riƙe ni. Yaron yana jin irin wannan daga bakin 'yan kallo, ba ya tankawa. Ranar Lahadi yakan zo gida, Gloria ta dafa masa abin da zai iya ci, ya gyara wa Mama zip ɗin jakarta.

Ka ajiye kunya ka je ruga. Yau, ba gobe ba.

Benjamin

*

Birnin Gwari,
24 ga Nuwamba

Taubashina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Gloria da Gwaggo. Furera ta tashi, har ta yi shara yau. Bilya yana gida. Na sa wannan a gaba don kada in bar ka da zullumi, kuma ka lura na rubuta sunansa.

Ranar da takardarka ta zo na tafi ruga. Tun kafin in buɗe baki Malam Jumare ya ce ya ji Hamza aka ɗauka, ya ji kuma Bilya ya ɓata, labari ya riga ni. Bai tayar da zancen haƙurin da na ba shi ba. Na gaya masa batun ramukan, ya ce in zo da asuba da takalmin roba, kada in sa farar riga.

Da ƙafa muka tafi, tun da ba babur. Ni da nake sa yara zagaye fili, sai ga dattijo yana tsayawa yana jirana. Mun ratsa gonakin da masara ta bushe a tsaye ba mai girba. Wani wuri ya sa muka bar hanya muka bi rafi, ban tambaye shi dalili ba. A Gayam muka kwana gidan wani masaninsa, washegari da hantsi muka isa.

Benjamin, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Ƙasa duk an huda ta, samari suna shiga rami da igiya, wasu suna wanke laka a kwano. Bakoji ne ya fara ganina, ya nuna mini da baki. Na wuce Bilya ban gane shi ba, jar laka ta rufe shi har gira. Ya rame, yatsun hannunsa duk sun fashe.

Na dawo na tsaya gabansa. Shi ya fara.

“Baba, kun share sunan?”

Na ce wane suna. Ya ce na bangon firamare. Na ce ruwan ƙarshe ya wanke rabi, sauran yana nan.

“To ni ba zan wuce ta gaban bangon nan ba.”

Na ce kuskuren karatu ne, nawa ne, ba nasa ba. Na ce kuma Damisa ba ta san abin da take yi ba, an cuce shi. Ka hana ni faɗin haka, na sani, amma ya fita. Sai ya dube ni ya ce, “Ba a cuce ni ba, Baba. Ina wurin. Da ni ne kocin, Hamza zan ɗauka.”

Malam Jumare ne ya matso, ya ce masa, “Bilyaminu, nawa ɗan yana inda ƙafata ba za ta kai ba. Kai kana inda ta kai, shi ya sa na zo. Uwarka ba ta cin abinci. Ɗauko jakarka, rana tana yi.” Bilya ya je ya ɗauko.

Kwanansa biyu bai fita ba. A na uku ya tafi teburin shayi shi kaɗai, ban aike shi ba. An ce wani ya fara zancen ɗan ruga, Bilya ya ce duk mai ganin Hamza bai cancanta ba ya zo fili da yamma ya gwada wuce shi Bilya, in ya iya, sa'an nan ya je ya nemi Hamza, wanda ya hana Bilyan motsi. Babu wanda ya zo. Jiya ya dawo atisaye. Na sa yara biyu su riƙe shi, ina yi masa tsawa ya ɗaga kai.

Kada ka ɗauka na sallama. Ƙungiya mai hankali da duka biyun ta ɗauka, ta sallami dogon nan. Za mu yi wannan idan mun haɗu.

Yanzu ga abin da ya fi nauyi. A hanyar dawowa Malam Jumare ya gaya mini za su tashi. Masu daji sun kore musu shanu a damina, 'yan gari kuma suna kallonsu kamar su ne masu dajin. Ya ce ya gaji da kwana tsakanin tsoro biyu. Dama saboda neman Bilya ya jinkirta. Ranar Litinin suka kama hanya da abin da ya rage musu, wajen Bauci, inda ƙanensa yake, shi kansa bai san takamaiman inda za su sauka ba. Na raka su har bakin rafi. Ya ce idan sun zauna zai aiko. Ya ce in gaya wa Hamza kada ya bar abin da ya samu ya biyo su, ya riƙe mutuncinsa, ya ci gaba da ɗinki ko yaya, don ƙafa tana gajiya. Da zai juya ya kama hannuna ya ce, “Ka daɗe kana ce masa yaronka. To ga shi nan.”

Jiya na bi ta rugar. Babu kowa, sai turaku da toka.

Ka je ka gaya wa Hamza da bakinka, a zaune, kada ya ji a tasha. Idan an ba su hutu kada ya tsaya tunanin inda zai nufa. Ka sa shi a motar Abarshi. Furera ta sa an ƙara katifa a ɗakin Bilya, shi kuma Bilya da kansa ya kwashe kayansa daga rabin ɗakin.

Naka,
Mainasara